Kwalin Tropicana na 2009: Ranar da Aka Cire Lemo, Ciniki Ya Bi Shi

A farkon watan Janairun 2009, masu sayayya a manyan kantunan Amurka suka nufi firjin da ake jera ruwan lemo, suka duba inda suka saba miƙa hannu, suka rasa kwalinsu. Alhali yana nan a kanta. Ba a taɓa abin da ke cikinsa ba, ba a rage girmansa ba, sunansa ma yana jikinsa. Fuska kawai aka sake masa. Ranar 23 ga Fabrairu, wato ko wata biyu ba a cika ba, kamfanin Tropicana ya fito ya ce zai koma tsohuwar fuskar.

Abin da ya sa wannan lamari ya fi sauran irinsa amfani ga mai nazari shi ne, abu ɗaya tak aka canza. A 1985 kamfanin Coca-Cola ya sake ɗanɗanon lemonsa, jama'a suka yi ca, ya janye bayan kwana 79, amma can harshe ne ya yi gardama. A nan ruwan jiya shi ne na yau. Duk abin da ya faru, tsakanin ido da kwali ya faru.

Abin da ake da shi a hannu

Anthony Rossi, wani baƙo da ya zo Amurka daga tsibirin Sisili na Italiya, shi ya kafa kamfanin a 1947 a garin Bradenton na jihar Fulorida. A 1954 ya fito da dabarar ɗumama ruwan lemo na ɗan taƙaitaccen lokaci don kashe ƙwayoyin cuta, abin da ya ba shi damar sayar da shi a sanyaye kamar yadda aka matse shi, ba sai an daskarar da shi an dawo an sirka da ruwa ba. A kan wannan alkawari aka gina sunan Tropicana Pure Premium: ruwan lemo ne zalla. PepsiCo, kamfanin da ke yin lemon Pepsi, ya sayi Tropicana a 1998 kan dala biliyan 3.3.

Tsohon kwalin ba wani gwanin kyau ba ne, gaskiya. Amma a dube shi da kyau. A tsakiya ga lemo guda, babba, nunanne, an soka masa tsinken zuƙa mai ratsin ja da fari. Sama da shi ga sunan Tropicana da koren launi, haruffa masu kauri, a kwance, sun ɗan yi baka kamar gira. Ga kuma wani faffaɗan layi mai launi da ke faɗin irin ruwan da ke ciki: tatacce ne sarai, ko mai ɗan gudaji-gudajin lemo, ko mai gudaji da yawa, ko wanda aka ƙara wa sinadarin ƙarfafa ƙashi.

Wannan lemo mai tsinke yana aiki biyu a lokaci guda. Na farko, yana faɗin dukan saƙon kamfanin ba tare da kalma ko ɗaya ba: kamar daga jikin lemon kake zuƙa, babu masana'anta a tsakani. Wanda bai iya karatu ba ya fahimta, yaro ya fahimta, wanda ba ya jin Turanci ya fahimta. Na biyu, kuma shi ne aka fi rainawa, hoton na Tropicana ne shi kaɗai. Kowane kamfani na iya sa hoton lemo a kwalinsa, amma lemo da tsinke a soke, shekara da shekaru ana ganinsa a talabijin da kanta, ya riga ya zama suna na biyu.

Dalilin gyara

A ƙarshen 2008 PepsiCo, ƙarƙashin shugabancin Indra Nooyi, ya shiga sake wa kayansa fuska gaba ɗaya. Tambarin Pepsi ya canza, Mountain Dew ya gajarce ya koma Mtn Dew, Gatorade ya koma babban harafin G. Aikin Tropicana aka ba kamfanin Arnell Group na Peter Arnell, wanda shi ne ya zana sabon tambarin Pepsi.

Hujjar Arnell ba ta banza ba ce, kuma ya kamata a yi mata adalci. A taron gabatar da kwalin ya ce shekaru ana nuna wa mutane bayan lemo, ba a taɓa nuna musu ainihin abin da ake sayar musu ba, wato ruwan. Ya ga tsohon kwalin ya cika da tarkace, ya tsufa, yana son a share shi a bar abin da ya zama dole. Duk wanda ya koyi zane an koya masa haka: rage hayaniya, bar wa ido wurin hutawa, nuna haja da gaskiyarta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake ƙarya.

Sabon kwalin ya fito kamar haka. An cire lemon da tsinkensa, an sa hoton tambulan cike da ruwan lemo, babba, har ya zagaya kusurwar kwalin ya leƙa ɗaya gefen. An sake haruffan sunan, suka koma sirara, miƙaƙƙu, marasa ado, sannan aka tayar da sunan tsaye a gefe, ta yadda sai ka karkata kai kafin ka karanta. A kan ruwan da ke cikin tambulan aka rubuta da farin launi cewa lemo ne ɗari bisa ɗari, wannan rubutu ya zama shi ne ido ke fara cin karo da shi. Bayanin irin ruwan ya koma wani siririn layi a can sama. Murfin kuma aka yi shi kamar rabin lemo, mai launinsa da ɗan kaushin ɓawonsa, don mai buɗewa ya ji kamar lemo yake matsawa. Aka raka kwalin da tallan dala miliyan 35, wanda aka gina a kan kalmar Turanci da ke nufin matsewa, take kuma nufin runguma, da hotunan iyaye rungume da 'ya'yansu.

A kan teburin taro, kwali ɗaya a tsaye, haske na dukansa, sabon ya fi tsohon tsafta nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce babu wanda ke sayen ruwan lemo a kan teburin taro.

Abin da ya faru

Ƙorafi ya fara shigowa ta wasiƙa da imel da waya, ya kuma bazu a intanet. Wasu suka ce mummuna ne, wasu suka ce wauta ce. Amma maganganu biyu ne suka fi nauyi. Na farko, kwalin ya yi kama da ruwan lemon da manyan kantuna ke yi da sunansu su sayar da araha. Na biyu, an kasa bambance iri da iri: mutum ya je gida da mai gudaji alhali tatacce ya je saye.

Alƙaluma suka biyo baya. Mujallar Advertising Age, bisa ƙididdigar kamfanin Information Resources, ta ruwaito cewa daga 1 ga Janairu zuwa 22 ga Fabrairu yawan kwalayen Tropicana Pure Premium da aka sayar ya ragu da kashi 20 cikin ɗari, kuɗin da ya shigo kuma ya ragu da kashi 19, kimanin dala miliyan 33 ke nan. A daidai lokacin abokan hamayya irin su Minute Maid na Coca-Cola da Florida's Natural suka ga cinikinsu ya ƙaru.

A tsaya a gaban firjin

Don a gane inda gizo ke saƙar, sai an ɗauki idon mai saye. A ƙaddara mace ce ta taso daga aiki, tana tura keken kaya, ɗanta na jan rigarta, a hannunta akwai takardar abubuwa ashirin da za ta saya. Ruwan lemo ba shawara ba ce a wurinta, ta yanke ta tun shekarun baya. Tana tahowa, tun daga taku biyar ko shida, idonta ya riga ta isa kanta. Ba karatu yake yi ba, daga wannan nisa ba a karanta komai. Siffa yake nema: ƙwallo mai launin lemo, ɗan sanda a tsaye a kansa, koren baka a sama. Da ya gani, hannu ya tafi da kansa.

Ran nan ido ya share kanta bai ga siffar ba. Abin da ke gabansa jerin fararen kwalaye ne masu tambulan. To, tambulan na ruwan lemo na kowa ne. Duk mai sayar da ruwan lemo a duniya yana da ikon sa shi, kuma masu araha su suka fi sa shi, don shi ne hoton da ba ya buƙatar tunani. Da lemon kaɗai aka cire, da koren sunan ya cece ta. Amma sunan ya sake haruffa, ya rame, ya tashi tsaye ya koma gefe. Rubutun da ya fi girma a fuskar kwalin yana cewa lemo ne ɗari bisa ɗari, maganar da kwalin hagu da na dama su ma suke faɗi. Matar nan ba ta yi fushi ba, ba ta rubuta wa kowa wasiƙa ba. Ta ɗauka ko ya ƙare ne, ta ɗauki na kusa da shi, ta wuce wajen madara.

A nan ƙa'idojin zane suka taka juna. Akwai ƙa'idar fifiko: a kowane zane dole a yanke abin da ido zai fara gani, da na biyu, da na uku. Tsohon kwalin ya jera su daidai da tambayoyin mai saye: na wane ne, wane iri ne, sannan me ya sa zan yarda da shi. Sabon ya juya jerin, ya sa dalilin yarda a gaba, ya tura suna gefe, ya tura iri can sama. Ya amsa tambayar da ba a yi ba da babbar murya, ya amsa wadda aka yi da raɗa.

Akwai batun karantuwa. Rubutun Turanci daga hagu zuwa dama ake binsa a kwance, kuma wanda aka tayar tsaye yana cin lokaci kafin a karanta. A bangon mujalla wannan ɗan jinkiri ado ne, don mai karatu yana zaune. A kanta asara ce. Haka farin rubutu a kan launin ruwan lemo: launukan biyu duk masu haske ne, ba su yi hannun riga sosai ba, saboda haka haruffan ba sa fitowa ɓaro-ɓaro, balle a bayan gilashin firji mai raɓa, balle ga dattijon da ya baro tabarau a gida.

Sai farin fili. Masu zane na son sa, kuma suna da gaskiya, sarari na ba abu daraja. Amma ma'anar sarari ba a jikinsa take ba, a wurin da aka ajiye shi take. A kwalin waya mai tsada, fari da ƙarancin rubutu na nufin ƙasaita. A layin abinci na kantunan Amurka, an daɗe da sanin farin kwali marar ado a matsayin kayan araha marasa suna. Arnell ya zana da harshen kantin waya, masu saye suka karanta da harshen kantin abinci. Ga shi kuwa Tropicana na cikin masu tsada a firjin. Mai tsada ya shigo da rigar mai araha, a tsakiyar matsin tattalin arzikin da ya fara a 2008, lokacin da kowa ke juya dala kafin ya kashe ta. Wannan kamar ka tunatar da mutum ne da bakinka cewa ƙarin kuɗin da yake ba ka babu dalilinsa.

Kowanne daga cikin waɗannan sauye-sauye, da shi kaɗai aka yi, da wataƙila ya wuce lami lafiya. Haɗa su rana ɗaya shi ya yanke duk igiyoyin da ke ɗaure da ƙwaƙwalwar mai saye, ba a bar masa ko ɗaya da zai kama ba.

Inda na saɓa da bayanin kamfanin

Da yake sanar da janyewa, Neil Campbell, shugaban Tropicana na Arewacin Amurka, ya shaida wa jaridar New York Times cewa sun raina zurfin shaƙuwar da mutane suka yi da tsohon kwalin. Ya ce masu ƙorafin 'yan kaɗan ne ƙwarai cikin masu saye, amma su ne mafiya riƙon amana, kuma binciken da aka yi kafin fitar da kwalin bai nuna wannan zafin ba.

Bayani ne mai daɗin ji, don yana mai da kuskure ya zama shaidar ƙauna. Ni dai ban gamsu ba. 'Yan tsirarun masoya ba za su iya kwashe kashi ɗaya cikin biyar na ciniki ba, kuma masoyin da ya zauna ya rubuta wasiƙa ai ya gane kwalin, shi ya sa ma ya san abin da zai zaga. Asarar ta fi kama da ta mutanen da ba su damu ba sam, irin matar can, waɗanda ba soyayya ce ta haɗa su da Tropicana ba, sabo ne. Masana a Cibiyar Ehrenberg-Bass da ke Ostireliya sun daɗe suna nuna cewa kaso mai yawa na cinikin manyan kayayyaki daga masu saye jefi-jefi yake fitowa, kuma amfanin launi da siffa da tambari shi ne su sa a gane haja cikin sauƙi, ba lallai su sa a ƙaunace ta ba. Lemo mai tsinke irin wannan kadara ce. An gina ta da kuɗin talla na shekaru, ba ta cikin littafin akanta, shi ya sa aka iya zubar da ita a zama ɗaya babu wanda ya ji ƙarar faɗuwarta.

Maganar bincike kuma, ba abin mamaki ba ne. Idan ka zaunar da mutum a ɗaki ka ajiye masa kwali biyu ka ce wanne ya fi kyau, ka mai da shi alƙalin zane, zai kuma ba ka amsar alƙali. Ya san duka biyun na Tropicana ne, don kai ka faɗa masa. Tambayar da ke da amfani ba a baki ake yin ta ba. A jera kanta kamar ta gaske, da kayan abokan hamayya hagu da dama, a ce masa ɗauko mini tataccen Tropicana, a riƙe agogo. Sakan nawa ya ɗauka, sau nawa ya ɗauko wanda ba shi ba. Akwai ma gwajin da ba ya cin ko sisi: a rufe sunan, ko a dusashe hoton har rubutu ya daina karantuwa, a ga ko za a gane na wane ne. Tsohon kwalin zai ci wannan jarrabawa ido rufe. Sabon kuwa, da an rufe sunan, ba abin da ya rage sai tambulan.

Mai gardama zai ce ai lokacin tattalin arziki ya karye, kowa ya rage saye. Haka ne, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa kwali kowace dala da aka rasa. Sai dai alƙaluman da aka ambata sun nuna yawan ruwan lemo mai sanyi da aka sayar a kasuwar baki ɗaya bai sauya ba a wannan lokaci. Mutane ba su daina sha ba, hannunsu ne ya koma wani kwali. Wani kuma zai ce da an yi haƙuri da mutane sun saba. Mai yiwuwa ne. Amma sabon da za a saya da asarar miliyoyi, don a koma inda ake tun farko, wane riba ke cikinsa? Tambayar da ba a ji amsarta ba a duk labarin ita ce: wace matsala ce ta mai saye sabon kwalin ya zo warwarewa? Gajiya da tsohon kwali ciwon ma'aikatan kamfani ne, su da ke kallonsa kullum daga safe zuwa yamma. Mai saye sakan biyu yake ganinsa a mako.

Abin da ya tsira

Murfin nan mai kamar rabin lemo bai tafi ba, kamfanin ya ce zai sa shi a kan kwalin Trop50, wani sabon ruwan lemonsa mai ƙarancin sukari. Cikin duk aikin Arnell, shi kaɗai ne ƙari a kan abin da mutane suka sani, sauran duk ragi ne. Tallan ma ya ci gaba, aka dai sauya hoton kwalin da ke ciki.

Wannan ba ya nufin tsohon tambari ba ya taɓuwa. A 2011 Starbucks ya cire sunansa daga tambarinsa, ya bar hoton macen teku da koren launi. Mastercard ya sauƙaƙa nasa a 2016, ya cire sunan a 2019, ya bar da'ira biyu, ja da ruwan ɗorawa, masu shiga juna. Su ma ragi suka yi, ragi mai tsanani ma, amma sun fara gano abin da ake gane su da shi, suka share abin da ke kewaye da shi. Kamfanin tufafi na Gap kuwa ya bi sawun Tropicana a Oktoban 2010, ya yar da shuɗin akwatin da aka san shi da shi, ya dawo da shi cikin kusan mako guda.

Shi kansa Tropicana bai tsaya cak ba. A 2011 ya fara barin kwali ya koma gorar roba mai gani-har-hanji, mai wuya kamar tulu, irin wadda Simply Orange na Coca-Cola ya riga ya yi suna da ita. Burin Arnell na a nuna ruwan ya cika ke nan, ta hanyar da ba ta taɓa lemo da tsinkensa ba, don suna nan a jikin takardar gorar. A 2021 PepsiCo ya sanar da sayar da kaso mafi girma na Tropicana ga kamfanin zuba jari na PAI Partners na Faransa, ya riƙe kashi 39. A 2024 sababbin masu shi suka sauya gorar mai wuyan tulu da wata siririya, suka rage abin da take ci daga oza 52 zuwa 46. Lemon na nan, tsinken na nan, amma siffar gorar da hannu ya saba kamawa ta tafi, ga kuma zargin an rage mudu. Zuwa watan Oktoban 2024, alƙaluman kamfanin Circana da tashar CNN ta ruwaito sun nuna ciniki ya faɗi da kashi 19 idan aka kwatanta da 2023.